Sai Fernand Ya Shigo

A ƙauyenmu na tudun Morvan, in ka ce Fernand Lagneau ba kowa zai gane ba. In ka ce Fernand na shanun Bourdiau, to tsofaffi za su gyaɗa kai. Tun yana saurayi yake kiwon fararen shanun wannan gona har bayansa ya ranƙwafa, kuma ko ɗan maraƙi bai taɓa zama nasa ba. Ba a taɓa jin ya yi kuka da hakan ba. Irin mutanen nan ne da in ka gaishe su sai sun dubi sama tukuna, kamar amsar tana wurin gajimare.

Ya auri Arlette, 'yar mai gyaran takalma, ya kawo ta gidan mahaifinsa da ke bayan coci. A lokacin tsohon yana raye, ga taurin kai, ga wata hula da ba ya cirewa ko a bakin abinci. Arlette ta riƙe shi har ya cika a hannunta. Gidan yana da tsarinsa. Da yamma ta yi, sai ta zuba wa tsohon nasa, ta ba 'yarsu Maryse nata, ita kuma ta zauna kusa da murhu, hannuwa a cinya. Sai ta ji mijinta yana buga takalman roba a bakin ƙofa don kakkaɓe kashin shanu, sannan ta ɗauko faranti biyu. In saniya tana naƙuda, jiran kan yi tsawo.

"Ki ci mana, 'yar nan, zai huce," in ji tsohon.

"Ci naka, Baba. Ni sai Fernand ya shigo."

Abin da aka san ta da shi a ƙauyen shi ne naman sa da ake dafawa a jar giyar inabi. Ran Asabar take ɗora baƙar tukunyar ƙarfe a gefen murhun itace, ran Lahadi a ɗumama a ci. Takan ce wannan tukunya ba a barinta ta yi dariya, murmushi kawai ake so: kumfa ɗaya ya taso nan, can an jima wani ya biyo shi. Ƙamshin kan kai har makaranta, lokacin da akwai makaranta. Fernand ya ci wannan nama tsawon aurensu, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yin sa ba. Shi dai nasa ciyar da sa ne, abin da ya biyo baya na Arlette ne.

Daga baya abubuwa suka yi ta rufewa a hankali. Mai burodi ya tafi. Jikokin Bourdiau suka sayar da gonar ga wani mai injuna da ba ya bukatar makiyayi. Arlette ta fara zuba gishiri a kofi, tana kiran kyanwa da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ranar da aka tsince ta a hanyar maƙabarta cikin ruwan sama da silifas, Maryse ta zo daga Dijon ta kai ta gidan kula da tsofaffi na cikin gari. Ba a daɗe ba Fernand ya ɗora madara ya mance, har hayaƙi ya fito ta taga. Maryse ta sake zuwa, ta sa aka cire gas, aka toshe murhun itace, ta dire masa wata farar tukunyar lantarki mai murfin gilashi.

"Baba, ba wuta, ba ashana. Ka zuba komai a ciki, ka rufe, ka danna nan, ka tafi harkarka. Kuma kar ka buɗe murfin."

"To wa ke kallonta?"

"Ita ke kallon kanta."

"Lallai an ci gaba," in ji shi. Ya mayar da ita kwalinta, ya ci gaba da burodi da cuku.

Kowace Lahadi maƙwabcinsa Clovis, wanda ya yi ritaya daga rabon wasiƙa, ke kai shi gari a tsohuwar motarsa. Fernand kan yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, don a ganinsa ba a shiga irin wannan gida da kayan banza. Ya zauna gaban Arlette, ta gaishe shi da ladabi kamar baƙo. Haka suka ci lokacin sanyi.

Da bazara ta kusa, Nadège, ma'aikaciyar da ke kula da ita, ta tare shi a baranda. Ta ce matarsa ta daina cin abinci. Ba ciwo take ji ba, an duba. Sai dai a ajiye mata faranti ta ture shi gefe, ta naɗe hannu. In aka ci gaba a haka, likita zai tura ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Fernand ya dubi sama. Ya san mutane da yawa da aka kai can, ya kuma san ta wace ƙofa suka fito.

Ran Alhamis, da motar mahauci ta tsaya a dandali, ya sayi naman kumatun bijimi da ɗan kitsen alade. Ran Asabar ya ciro farar tukunyar daga kwali. Ya zuba naman ɗanye, da albasa, da karas, da tafarnuwa, ya juye kwalbar giya guda a kai, ya rufe, ya danna inda aka ce ya danna. Ya ja kujera ya zauna yana kallon gilashin yana gumi. Har yamma gidan bai yi ƙamshin komai ba. Kyanwa ma ba ta tashi daga taga ba.

Clovis ya shigo ya ɗanɗana. Ya runtse ido, ya daɗe bai buɗe ba.

"Tsoho, wannan sa me ya yi maka? Ba dafa shi ka yi ba, nutsar da shi ka yi."

"Yadda yarinyar ta ce, haka na yi."

"Ruwa tsululu, ga tsami. Ka kai wa Arlette wannan, in da sauran hankalinta sai ta sake ka."

Ya sake gwadawa mako na gaba da rabin kwalba, ya sake a na bayansa da ƙarin albasa. Romon dai tsululu, naman kuma launin toka. A tsakanin nan zoben auren Arlette ya fara zamewa daga yatsanta, har Nadège ta ɗaura mata shi da zare a wuya.

Clovis ne ya tuna, wata rana suna zaune a benci.

"Dakata. Arlette wuta take sa mata."

"Wa?"

"Giyar mana. Ran Asabar in na kawo muku wasiƙa nakan ga shuɗin harshen wuta ta taga. Sai ta tafasa ta a wani kasko daban, ta kyasta ashana. Kuma naman sai ya yi ja a mai kafin ya ga giya. Kai da kake mijinta ba ka sani ba, sai ni ɗan aike."

"Ashe shekara da shekaru leƙen matata kake yi."

"To wa zan leƙa, kai? Da wannan fuskar?"

A kicin ɗin Clovis suka yi aikin. Suka soya naman har ya yi duhu, suka barbaɗa fulawa, suka tafasa giyar. Ashana ta yi ta karyewa a hannun Fernand kafin wata ta kama. Wutar ta tashi shuɗiya, ta lashi girar Clovis, ta mutu don kanta. Suka ratsa hanya da kasko a tsumma, suka juye a farar tukunyar, Fernand ya tokare murfin da cokalin katako don tururi ya sami hanya. Maryse ba ta ji wannan labari ba. Can da rana ya leƙa, ya ga kumfa ɗaya ya taso, an jima wani ya biyo shi. Kyanwa ta sauko daga taga.

Ran Lahadi ya yi aski, ya sa kwat, ya rungume tukunyar a tawul har gari. Nadège ta ce a murƙushe naman sosai kar ya sarƙe ta. Ya murƙushe da cokali mai yatsu. Da ya ajiye faranti, hancin Arlette ya motsa. Ta ɗauki cokali, ta tsoma, ta juya bayansa tana kallon yadda romon ya kama.

"An ƙona giyar," ta ce. "Wanda ya yi wannan ya iya."

"To ki ci."

Ta ajiye cokalin, ta kife wani faranti a kai don kar ya huce, ta naɗe hannu a cinya.

"Na gode, bawan Allah. Sai mijina ya shigo."

A hanyar gida Clovis ya yi ta magana a kan farashin mai da ramukan titi. Sun wuce gonar Bourdiau ta dā kafin Fernand ya buɗe baki.

"Ba ƙin abinci take yi ba."

"To mene ne?"

"Jira take."

Wannan mako bai yi aski ba. Ya ciro shuɗin kayan aikinsa daga ƙasan akwati, da takalman roba da suka fara tsagewa. Ran Asabar suka sake dahuwar, wannan karon gira ta tsira. Lahadi da safe ya bi ta garken mai injuna, ya nemi izini, ya taka cikin kashin shanu, ya goga kafaɗa a jikin wata saniya da ba ta san shi ba. Da zai fita daga gida, iska na kaɗawa, ya zari tsohuwar hular mahaifinsa da ke rataye a bayan ƙofa.

"Haka za ka shigar min mota?" in ji Clovis. Amma ya shimfiɗa jarida a ƙasa.

Nadège ta dubi takalman, ta dubi daɓen da aka goge, ta matsa gefe. Ta karɓi tukunyar ta shigar, ta ajiye faranti biyu a tebur, ta fito ta bar ƙofar a ɗan buɗe. Fernand ya tsaya a bakin ɗakin ya buga ƙafa a ƙasa, dama, hagu, dama, kamar yadda ya saba. Ta kafar ƙofa ya ga Arlette ta ɗago kai. Ya ga hannunta ya kai ga gashinta yana gyarawa, ɗayan ya miƙa wajen faranti. Rabon da ya ga fuskarta haka, ya manta.

Ya tura ƙofar ya shiga.

Ta dube shi tun daga takalmi har hula. Hannun da ke kan gashi ya sauko a hankali.

"Au, Baba, kai ne. Na zaci Fernand ne."

"Arlette, ni ne."

"Na gani ai. Zauna."

Ya cire hular, ya riƙe a ƙirji don ta ga kansa da kyau. Sai ta yi dariya, irin wadda ya sani.

"Yau kuma? Mayar da hularka, Baba, kar mura ta kama ka."

Ya mayar. Ta zuba masa da hannunta, rabi a faranti rabi a tebur, ta tura masa burodi. Ya ce ta ɗan taɓa ko cokali ɗaya, zai huce. Ya ji kalmomin a bakinsa, ya san na mahaifinsa ne.

"Ci naka. Wataƙila jar saniyar nan ce ke naƙuda."

Ba a taɓa yin jar saniya a garken Bourdiau ba, amma bai gyara mata ba. Ya ci. Naman ya yi laushi, romon ya yi kauri, gishiri daidai. Ya share farantin da burodi, don ba ta son a bar saura. Ita kuwa idonta na kan ƙofa.

A baranda Nadège ta faɗa masa, murya ƙasa ƙasa, cewa likita zai zo da safe, kuma an riga an kira Maryse. Ya gyaɗa kai. Ya rungumi tukunyar a tawul ya juya zai tafi, takalman roba suna ƙara a daɓe. Bai yi nisa ba ya ji ƙarar faranti a bayansa, da muryarta tana gaya wa ɗakin da ba kowa:

"Yauwa. Ga shi nan ya iso."

Ya tsaya inda yake. Can waje Clovis ya tayar da mota yana jira.