Lambar Thaddeus a Wayar Kauthar

Shekara ashirin da shida Thaddeus ya yi yana tuƙi a Abuja, kuma ba a taɓa tsayar da shi a hanya aka samu takardarsa ta mutu ba. Ɗan Gbagyi ne, haifaffen wani ƙauye a bayan Idu, inda gonar doyar ubansa ta koma sito na wani kamfani. Da gona ta tafi sai ya bi mota, daga karen mota har ya hau sitiyari. Yanzu tankar ruwa yake ja. Mutum ne mai son komai a kan ƙa'ida, har abokan aiki suka laƙaba masa Fasto, ko da yake kujerar baya yake zama a coci.

Da ya rage sati uku lasinsa ya ƙare, ya sa rigarsa ta fita ya tafi ofishin lasin kamar yadda ya saba. Wata ma'aikaciya, ko kai ba ta ɗago ba, ta ce yanzu a waya ake cike komai. Shi kuwa wayarsa ƙarama ce mai tocila. Babbar waya tana hannun matarsa Angelina, mai ɗinki.

Ran Lahadi bayan an taso coci suka zauna gindin mangwaro, tana dannawa yana karanto mata. Suna ya shiga, ranar haihuwa ta shiga, lambar lasin ta shiga. Sai shafin intanet ɗin ya ce ya tura lambobi shida zuwa layin da ya ƙare da arba'in da bakwai. Thaddeus ya gane layin. Tsohon layinsa ne, na wayar da ta suɓuce ta faɗa cikin tanki shekara huɗu da suka wuce, bai kuma bi ta kansa ba.

Ya koma ofishin ya ce a canza masa layi. Aka ce a shafin ake canzawa. A shafin kuma, kafin a canza layi sai an sa lambobin da aka tura wa tsohon layin. Sau uku yana zuwa yana bayyana wannan, kowane zuwa ana saurarensa da haƙuri, a ƙarshe a ce masa ya gwada a shafi. Manajan kamfaninsu kuwa ya riga ya ce in wata ya ƙare babu sabon lasin, makulli zai koma hannun wani.

Angelina ce ta ce ya kira layin kawai, ya ji. Ya kira, ya shiga. Wata mata ta ɗauka da sallama. Ya gaishe ta da ladabi, ya kwashe labari tun daga tanki ya ba ta, tana ta cewa Allah sarki, har ya kai inda ya roƙe ta ta karanto masa lambobin da suka shigo wayarta. Nan muryarta ta canza.

"Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Daga muryarka dattijo ne kai. Ka rasa sana'a sai damfara?"

Ta kashe. Ya sake kira sau tara, ta toshe shi. Ranar ko tuwo bai ci ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne matar ba ta yi laifi ba, don shi da bakinsa ya taɓa miƙewa a taron mazan coci ya gargaɗe su kada su kuskura su karanta wa kowa lamba a waya.

Washegari Angelina ta kira da tata wayar. Ta gaida gida, ta gaida yara, ta tambayi ruwan bana, ba ta tayar da zancen lamba ba sai da suka fara dariya. Sunan matar Kauthar, turaren wuta take sayarwa a Zariya. Ta ce shekara biyu ke nan da sayen layin, kuma tun daga ranar mutane ke kiranta suna tambayar ina tankar ruwansu, har ta fara zaton wani ne ke mata shaƙiyanci. Duk da haka ta ce ita ba za ta karanta wa muryar da ba ta sani ba komai. Yayanta Sabo yana sayar da kayan gyaran mota a Apo. Su je ya gan su ido da ido.

Thaddeus ya nemi izini a wurin aiki, suka hau mota biyu suka je. Sabo ya karɓi tsohon lasin ya juya gaba, ya juya baya, ya dubi hoto, ya dubi mai hoto, ya ce mutumin cikin hoton yana da gashi.

"Alhaji, shekara biyar ne," in ji Thaddeus, yana mayar da hularsa. "Gashi ba ya jiran lasin."

Sabo bai yi dariya ba. Ya tambaye shi abin da ke fara mutuwa a jikin tanka mai bin hanyar ƙasa. Thaddeus ya ce sifirin na baya, ya ƙara masa da bayanin irin kukan da yake yi kafin ya karye. Sai a lokacin Sabo ya sa aka ba su benci, ya kira ƙanwarsa.

Lamba ta farko da shafin ya tura ta mutu kafin a karanto ta, don Kauthar ta tafi sauke tukunya. Ta biyu ta karanto biyu na ƙarshe a juye. Ta uku sabis ya ɗauke a wayar Angelina, suka fita bakin titi suna ɗaga ta sama cikin rana, makanikai na kallonsu. Ta huɗu ta shiga. Shafin ya ba su ranar ɗaukar hoto da takardar wucin gadi. Angelina ta yi maza ta danna wurin canza layi, ya ce ana gyara, a dawo daga baya. Thaddeus ya buɗe baki, ya ga maganar da za ta fito ba ta dace da shekarunsa ba, ya rufe.

Bayan wata biyu, yana wuce Kuchigoro da tanka cike, wayarsa ta yi ƙara. Ya samu wuri ya tsaya sannan ya ɗauka. Kauthar ce. Ta gaishe shi da Baba, ta ce saƙo ya shigo tun shekaranjiya cewa lasinsa ya fito, ya je ya karɓa. Ya yi godiya, ya tambaye ta wane ofishi aka rubuta, don sun kai uku. Ta ce ai ta goge saƙon, wayarta ta cika.

Thaddeus ya kifa goshinsa a kan sitiyari na ɗan lokaci. Ya ce ba komai, ta gaida mutanen gida. Ya tayar da mota, don akwai otal ɗin da ke jiran ruwa tun safe.