Tarin da Inna ta hana a kira da sunansa

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, mahaifiyata ta fara wani tari. Tuwo take sayarwa a tashar Gagarawa, direbobi ne masu cinikinta, kuma da tukunyar nan ta riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu. Da farko ta ce hayaƙin murhu ne. Aka sha citta, aka sha zuma. Sai da ta rame har awarwaro yana zame mata, sannan ta yarda na raka ta wani asibiti a Gumel. Ni kuwa har da gyara ɗauri, wai ga 'yar boko za ta yi wa likita Turanci. Da muka shiga ko gaisuwa da ƙyar na yi.

Ma'aikacin da ya duba ta mutumin Filato ne, Hausarsa ras. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, sannan ya jawo kati.

Ya ce, "Mama, kowace cuta da lambarta, lambar ce ke nuna inda za ki. In na sa ta tarin sanyi, ki biya a tagar gaba, ki karɓi magani ki tafi. In na sa ta tibi, wato tarin fuka, wadda ita nake zargi, za a gwada kakinki, magani kuma kyauta ne. Amma can baya ake karɓa."

"Baya ina?"

"Inda masu kuturta ke karɓar nasu. Ɗaki ɗaya ne."

Inna ta leƙa ta taga. Direban da ya kawo mu yana zaune gindin darbejiya, daidai ƙofar ɗakin.

Ta ce, "Ɗan nan, ka ga wancan? Kullum a kwanona yake ci. Kafin la'asar duk tasha ta ji. Wa zai ƙara sa hannu a tuwona? Sa min ta gaba."

"Mama, ba zai warkar da ke ba."

"Kai za ka ciyar min da yaran?"

Ya juyo gare ni ya ce, "Ke da kika yi makaranta, gaya mata." Na gaya mata, ina kuka. Ta ce, "Rufe min baki. Don ki riƙa musa min na kai ki boko?" Ya yi magiya har ya gaji. Ya rubuta abin da ta ce, muka biya, aka ba mu wani jan ruwa a kwalba.

Ta koma kan tukunyarta. In tarin ya taso sai ta zaga bayan rumfa ta cusa mayafi a baki. Da damina ta sauka aka fara ganin jini. Masu cinikin da take tsoron rasawa suka janye da kansu, ba wanda ya gaya musu komai. Direban nan shi ya sake kai mu Gumel, wannan karon tana kwance a cinyata, ya tsaya daidai ƙofar ɗakin baya. Wata mai kuturta ta matsa mana a benci, ta ce, "Sannu, 'yar'uwa." Aka sa lambar da Inna ta guda. Ba ta kai kaka ba, Allah ya jiƙanta.

Har yau na kasa ganin laifinta, na kuma kasa daina jin haushi. An gwada ni da ƙannena, ba a sami komai ba, amma ko gyaran murya ɗayansu ya yi sai na kasa kunne.

Tukunyar yanzu a hannuna take, a rumfar dai. Da ƙyar direbobi suka dawo. In hayaƙi ya shaƙe ni, ban taɓa yin tari a gabansu ba. Bayan rumfa nake zagawa.