Gilashin da Zai Ɗauki Mama Joan

"Na ce maka ba dogon nake so ba, Elvis! Kurma ne kai?"

Baba Timoti ya ture babban gilashin kyamarar da mai shagon ya ajiye masa. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto a Jalingo da kyamararsa mai saiti da hannu, daga bikin suna zuwa baftisma, babu unguwar da bai taka ba.

"Baba, wannan ƙaramin fa tsoho ne, kamar murfin kwalba. Mutane babba suke girmamawa."

"Babban ne ya jawo mini zagi bara!"

Bara ɗin ya ɗauki zumuntar mata a wani coci a Kachalla Sembe. Filin ƙarami ne, ya yi ta ja da baya har ya jingina da katanga. Da hoton ya fito, Mama Joan mai buga tulu, da ke zaune a gefe, kafaɗarta kaɗai ta shiga. Har gida ta bi shi da faɗa, matan suka daina kiransa. Da ƙyar suka sake ba shi dama yau.

Ya ɗaura wa kyamarar ƙaramin gilashin, ya manna bayansa da bangon shagon, ya leƙa.

"Matsa can gefe. Ƙara matsawa!"

Elvis ya kai har bakin ƙofa.

"Ga ka nan dukanka, har da kunnuwan nan naka marasa ji. Shi zan ɗauka."

Ya biya, ya rataya kyamararsa yana gunaguni, ya nufi Kachalla Sembe kafin matan su tashi daga addu'a.