Yayana Mai Filasta da Ƙwayoyin Ƙarfafa Ƙashi

Yayana bai taɓa shiga gidan mutum ya fara da kallon mai gidan ba. Bango yake fara dubawa. Zai amsa gaisuwa da rabin baki, hannunsa na shafa bangon falo, sai ka ji ya ce, "Wa ya cuce ku haka?" Mai filasta ne tun kafin a yaye ni, shi ya sa duk unguwa ba a kiransa da komai sai Filasta. Ni kuwa ƙanwarsa, autar ɗakinmu, nakan ce masa ranar da ya shiga Aljanna ma sai ya nemi tsaga a bango.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ya ginu a kanta: ba a rufe tsaga sai an cike ta. Ya sha faɗa da masu fenti a kan wannan. In sun zo da gaggawarsu sai ya tare ƙofa da cokalin gini a hannu, ya ce su je su sha shayi tukuna.

Ciwo ya fara masa a gadon baya, ya ce tsananin aiki ne. Da ya kai ga ba ya iya ɗaga kwanon siminti, ni da matarsa muka ja shi asibiti yana ta mita. Can aka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya shiga ƙashi. Likitar, wata mata mai magana a hankali, ta ɗaga hoton bayansa ta nuna mana wuraren da suka yi duhu. Ta ce warkewa dai babu, amma akwai na'urar da ake gasa wurin da haske, zafin zai ragu. Ta ce kuma kada a ɓata lokaci, domin wani ƙashi na gab da danne jijiyar ƙafafunsa. Aka sa masa rana.

Ni kuka nake yi. Shi kuwa ya matsa kusa da hoton yana ƙanƙance ido.

"Auta, kin gani ko? Ramuka ne," ya ce da ni da muka fito. "Za su bi ta kai da haske, ba su cike ba."

"Yaya, kai ba bango ba ne."

"To me ake yin ƙashi da shi? Ai farar ƙasa ce."

Wani abokin aikinsa ne ya faɗa masa akwai ƙwayar kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi, kuma ba sai da takardar likita ba. Aka kawo masa daga kemis, aka haɗa da bitamin da man kifi. Kwalbar ta ce ɗaya a rana. Yaya ya ce wannan ai don bango mai lafiya ne, nasa sai an yi shafi a kan shafi. Ya riƙa watsa su da safe, da rana, da yamma. Ya kuma hana matarsa faɗa wa likita, wai masu fenti ba sa son a koya musu aiki. Ita baiwar Allah ta ga mijinta ya samu abin da yake riƙe da shi, sai ta yi shiru. Ba na ganin laifinta, ko da yake na daɗe ina jin haushi.

Abin da babu wanda ya sani a gidan shi ne, ƙashin da ciwon ke ci yana zubar da kalsiyam ɗinsa cikin jini, har ya yi yawa. Yaya yana ƙara wa jinin ne, ko kaɗan ba ya zuwa ramukan.

Ƙishirwa ta fara kama shi, yana sha yana amai. Ranar da za a sa shi a na'ura, a benci muna jiran layi, ya dube ni ya ce in kwaɓa masa siminti, rana na yi. Ya kira ni da sunan wani lebura da ya daɗe da mutuwa. Da aka kwantar da shi ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana ta ƙoƙarin sauka. Aka ɗebi jininsa, sai ga likita ta fito tana tambaya me yake sha. Matarsa ta buɗe jaka, kwalaben suka yi ƙara.

Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce a kwantar da shi a sa masa ruwa har jinin ya daidaita, sannan a sake neman rana. Na'urar ɗaya ce, masu jira kuwa sun cika baranda.

Hankalinsa ya dawo bayan 'yan kwanaki. Ya ji abin da ya faru, ya kafa wa silin ido. Tunda nake ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar, kuma ta fi ciwon tsaya min a rai.

Daga baya an yi gashin. Zafin ya ragu, har ya yi barci a kan bayansa, ya ci abinci, ya tsokane ni wai na rame kamar ni ce marar lafiyar. Muka dawo da shi gida a keken guragu, muna cewa juna kwanciya ce ta kashe masa jiki. Likita ta riga ta faɗa min gaskiya a bakin ƙofa, cewa ƙashin ya danne jijiyar kafin layi ya sake zuwa kansa, ni ce ban faɗa wa kowa ba.

Da muka ɗora shi a gado na zauna a ƙarshensa ina matsa masa ƙafa. Ya lumshe ido, ya sauke numfashi.

"Auta," ya ce, "cire min takalman nan mana, in huta."

Takalman suna bakin ƙofa tun shigowarmu. Tafin ƙafarsa na cikin hannayena biyu, ina matsawa da duk ƙarfina.

"To, Yaya," na ce.