Katakon Bangon Gabas

Shekarun baya, da na tashi buɗe ɗan shagon littattafai a Gusau, na rantse ba zan sayi sabon katako ko ɗaya ba. Wai ni mai basira. Wata huɗu ina yawon tsince-tsince kamar ɗan gwangwan: akwatunan tumatir daga kasuwa, tsohuwar ƙofa daga Tsafe wadda ta zama tebur, tayoyin mota da na yi wa fenti suka zama kujeru. Hannuwana duk sartse. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Saura kantar bangon gabas. Abokina kafinta ya kawo wasu dogayen katakai guda biyu masu koren fenti daga garinmu Bunguɗu, ya ce ana gyaran masallacin unguwarmu aka fito da su. Na ji daɗin samun na banza, ko tambayar abin da ake yi da su ban yi ba.

Burina ɗaya ne: mahaifiyata ta zo ta sa albarka. Ita ce ta sayar da tumakinta don in fara. Ranar buɗewa ta shigo tana dariyar tayoyina, har ta kai bangon gabas. Sai ta tsaya. Ta shafa wani tabon ƙuna a bakin katakon, ta daɗe tana shafawa.

"Ina kas samo wanga?"

Na faɗa mata.

"Makara ta," in ji ta. "Bisanta anka hita da Malam. Ina bayan ƙyaure, wanga tabo na ab bisa kainai."

Malam mahaifina ne. Ina makaranta ya rasu, ban samu jana'iza ba. Ni kuwa na jera littattafan lissafin firamare a kan katakon makarar da ta ɗauki gawarsa.

Ta yi mini addu'a, ta fita. Kafin la'asar na ɓalle kantar da hannuna. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara shiga shagon ba, daga bakin ƙofa take gaishe ni.

Har yanzu da tsofaffin kaya nake gyara shagon, sai dai ina tambayar abin da suka taɓa ɗauka. Bangon gabas kuma yana nan fayau. In masu saye suka tambaya, sai in ce ban samu katako ba.