Nirapada, Mai Majigin Unguwarmu

Tun kafin masu kifi su gama jera kaya a bakin kasuwa, za ka ga Nirapada Samanta ya sauko daga jirgin ruwan Howrah, da lema a hammata ko da sama wasai take. Zai tsaya wajen Gobinda mai shayi ya kurɓi nasa a kofin ƙasa, sannan ya haye matsattsen benen gidan silimarmu zuwa ɗakin majigi. Can zai goge gilashi, ya bi zaren fim da yatsa, inda ya tsage ya liƙe. Haka muka taso muka gan shi a Kolkata, har makon jiya da ya ajiye aiki.

Kowace Lahadi da rana yakan saka wani tsohon fim marar kala da aka ɗauko daga littafin da iyayenmu suka karanta. Saurayi ya tafi birni neman ilimi, budurwa ta yi ta jira a bakin kogi, kwale-kwalensa bai iso ba sai da aka ƙona gawarta bisa al'ada. Mun san ƙarshen sarai, amma mukan cika kujeru. Gobinda kuwa ba ya gajiya da tsokana, ko da yake shi ma yana liƙa wa sunansa "da", wato yaya a harshenmu.

"Nirapada-da, yau ma za ka kashe 'yar mutane? Ka bari su yi aure ko sau ɗaya mana."

"Je ka tuhumi marubucin. Ni fitila kawai nake kunnawa. Kai dai ka rage zuba wa madara ruwa."

A daminar da ruwa ya ci unguwa, masu shaguna sun ga mutumin nan da gwangwanayen fim a ka, ruwa har ƙirji, yana kai su saman rufi. Takalmansa suka tafi, fim ɗin ya tsira. Kai ne ka adana mana abin da kakanninmu suka yi kuka a kansa, Nirapada-da, ba tare da kowa ya sa ka ba.

Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne na Mashi Charubala, wato Inna Charubala a harshenmu. Tsohuwa ce da ba ta fashin kallon Lahadi, don mijinta, matuƙin kwale-kwale ne na gaske, shi aka ɗauka ya tuƙa saurayin a ƙarshen fim. Mijin ya mutu tun suna da ƙuruciya, ko hoto bai bari ba. A allon silima kaɗai take ganin fuskarsa.

Da ya ga kujerarta wayam makonni a jere, Nirapada ya je gidan. Ya tarar ta faɗi ta karye a ƙugu, surukarta kuma ta raɗa masa cewa likita ya ce idanun ma sun kusa rufewa. Ya koma ya roƙi mai silima aron wani ƙaramin majigi da aka yasar a ɗakin ajiya, ya yi ta fama da shi har ya tashi. Ran Talata da hantsi ya ɗora shi a keken haya.

Mata suka toshe tagogi da sari, dogayen zannuwan da suke ɗaurawa, maƙwabta suka cika ɗaki, aka matso da gadon tsohuwa dab da bango. Da kwale-kwalen ya bayyana sai ta ɗago, ta miƙa hannu har inuwar yatsunta ta faɗa kan ruwan.

"Ga shi nan," ta ce. "Ku dubi ɗaurin kansa a karkace. Na sha faɗa masa, ba ya ji."

Dariya ta yi, ɗakin ya taya ta. Nirapada ya mayar da zaren baya da hannu, ya sake saka wurin, ya kuma sakewa, gumi na bin wuyansa, har ta ce ta ƙoshi. Surukar ta ce a kashe haka nan, kada ƙarshen ya ɓata mata rai. Tsohuwa ta ƙi.

"Bar shi ya ƙarasa, ɗana. Yarinyar nan ma tana da hakkin a yi mata kuka."

Kafin sanyi ya shigo idanunta suka rufe. Tana nan da rai, kuma duk wanda ya je yi mata jaje takan ce ya riƙe abinsa, ita ta yi kallon da take so.

Kai ne haske daga bayan ƙeya, wanda 'yan kallo ba sa juyowa su gani. Sunanka bai taɓa hawa allo ba, alhali ba don hannunka ba da allon fari fat zai zauna. Mun gode, Nirapada-da. Ka huta lafiya, ka ci kifinka da shinkafa a kan lokaci, gwiwoyin nan su sarara daga hawan bene.

Ku kuma da aiki ke hannunku yau, kowane iri ne, ku riƙa duba kujerun. In kun ga wata wayam, ku tambayi inda mai ita yake, ku je ku ƙwanƙwasa ƙofa.