Itacen da Aka Gitta a Kan Iyaka

Ranar Talata ce, damina ta yi nisa. Na dama koko, na zauna ina yi wa Saude kitso. Ita ce 'yata ta fari, shekararta shida. Mijina Malam Idi tela ne, mutumin Tasawa ta ƙasar Faransi, amma ya daɗe a Tudun Wada, a nan Zariya. Yana zaure yana taka keke. Lokacin zaɓe ne, kuma ya ɗinka wa wata jam'iyya tutoci. Aiki aka kawo masa, ya yi.

Da hantsi na ji keken ya yi shiru. Sai ihu daga bakin layi, sai jifa a kan kwano.

"A fito da baƙon nan!"

Magoya bayan ɗaya jam'iyyar suka ɓalle ƙyauren zaure. Na ji saukar gora a jikin mutum, na kuma san jikin wa ne. Warin kananzir ya iso tsakar gida. Na goya Bala, jaririna, na ja Saude, muka haura katanga zuwa gidan Malama Rahila, maƙwabciyarmu Kirista mai koyarwa. Ita da ƙanenta ne suka janyo Idi daga cikin hayaƙi, kansa a fashe.

Da la'asar ya buɗe ido ya ce, "Ki shirya, garinmu za mu."

Jirgin ƙasa ya kai mu Kano, babbar mota ta kai mu Katsina, daga nan Jibiya. Ranar Juma'a da safe muka isa iyaka. A da, in ji Idi, hannu kawai ake ɗagawa a wuce. Yanzu an gitta itace a hanya, ga sojoji da bindigogi, layi har gindin wata tsamiya. A can ma rigimar siyasa ake yi. Baƙo ba ya shiga sai da takardar izini da shaidar allura.

Tafinta ya duba takardar Idi, ya dubi raunin kansa.

"Ɗan siyasa ne. Ku shiga da shi!"

Ya juyo gare ni. "Ke 'yar ƙasar Ingilishi ce. Koma!"

Saude tana riƙe da rigar ubanta. Ta bi shi ta ƙarƙashin itacen. Na ƙwala mata kira, ta waiwayo. Na yunƙura, wani soja ya tare ni da gindin bindiga.

"Zan kai ta wurin Innata a Tasawa!" Idi ya ɗaga murya. "Ki jira mu a Zariya!"

Rana tsaka motar da aka zuba su ta tashi.

Na zauna a Jibiya har guzurina ya ƙare. Kullum ina zuwa bakin itacen, kullum a kore ni. Daga baya na dawo Tudun Wada, ɗakin mahaifiyata.

Bayan shekara biyu wani falke ya zo da labarin Idi ya rasu a tsare. Na ce, "Yarinyar fa?" Ya ce shi bai ji an ambaci yarinya ba.

Mu huɗu muka bar garin nan, mu biyu muka dawo. Bala ya girma, ya yi iyali. Da aka haifa masa mace, ya zo ya durƙusa ya ce zai mayar da sunan yayarsa. Na hana. Ba wanda ya taɓa ce mini ta mutu.